LAMBAR SIRRI AMANA CE: DARASI A KAN HIRZIN DUKIYA A ZAMANIN WAYAR SALULA

 

Ya ku ƴan'uwa masu daraja, dalilin wannan darasi wata tambaya ce da aka kawo mini bayan sallar La'asar a nan Gure. Wani bawan Allah, wanda jama'ar wani masallacin ƙauye suka danƙa wa ajiyar kuɗin gyaran rufi, ya zuba kuɗin a asusun wayarsa domin tsoron ɓarayi da gobara. Ranar kasuwa sai wani ya kira shi, ya gaishe shi da ladabi, ya ambaci sunansa, ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ana sabunta layuka, kuma duk wanda bai ba da haɗin kai ba za a rufe masa asusu kafin Magariba. Mutumin nan ya karanta masa lambar da ta shigo masa ta saƙo, sa'annan ya ƙara masa da lambarsa ta sirri. Kafin ya kai gida, jika 85 na masallaci sun fita. Jama'a suka rabu biyu: wasu suka ce ya biya, wasu suka ce ƙaddara ce, ba a tuhumar amintacce. Shi ne aka zo ana tambaya, mene ne hukunci?

Za mu ba da jawabi a ƙarshen darasi in Allah Ya yarda. Amma lalle ne mu fara sanin abin da ake kira tsaro a waya da intanet, da yadda mutanenmu suke kallonsa, domin hukunta abu reshe ne na fahimtarsa.

MA'ANAR HIRZI

A bakin jama'a, idan aka ce hirzi, abin da ke zuwa a zuciya shi ne kariyar da mutum ke ɗauke da ita, wadda ake fatan ta tsare shi ko yana barci. Amma a wurin malaman fiƙihu kalmar tana da wata ma'ana. Hirzi shi ne wurin da a al'adar mutane ake ajiye dukiya, har a ce wanda ya ajiye ta a nan bai tozarta ta ba. Malaman mazhabar Malikiyya sun yi bayaninsa a babin sata, kuma sun nuna cewa yana sauyawa gwargwadon dukiya da al'ada. Hirzin hatsi rumbu ne, hirzin dabba garke ne ko turke, hirzin zinariyar mace akwati ne mai kwaɗo.

To, yau wani ɓangare na dukiyar mutanen Gure ya koma cikin waya. Ɗan da ya tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya ko Nijeriya yana aiko wa uwarsa kuɗi ta NITA ko Amana ko Al Izza. Mai sayar da dabino da kanwa daga kwaruruwanmu, da dillalin dabbobi a kasuwar Subdu, suna karɓar kuɗi ta Airtel Money ko Moov Money. Sirrin iyali, da hotunan mata da yara, da maganar ciniki, duk suna cikin WhatsApp. Saboda haka lambar sirri, da lambar da ke shigowa ta saƙo, da zanen yatsa, su ne kwaɗon wannan sabon rumbu.

Na lura cewa mutanenmu sun kasu kashi uku wajen kallon waɗannan abubuwa, kuma kowane kashi yana da ƙofar da ɓarawo ke shigo masa ta ita.

KASHI NA FARKO: MASU GANIN KULLE WAYA RASHIN YARDA NE

Akwai wanda idan ka ce masa ya ɓoye lambarsa sai ya ce: «Allah ne mai tsarewa, abin da zai same ni ba zai kuskure mini ba.» Maganarsa gaskiya ce, amma ya ajiye ta inda ba muhallinta ba. Imamu Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umurce shi da ya haɗa biyun, ɗauri da dogaro. Mu mutanen ƙasar raƙuma ba mu buƙatar dogon sharhi a kan wannan. Babu makiyayin da ke kwana a jeji bai dabaibaye raƙuminsa ba, kuma babu wanda ya taɓa cewa imaninsa ya yi rauni saboda haka.

Akwai kuma wanda abin da ke hana shi kunya ce. Ya je shagon cire kuɗi, yaron shago ɗan maƙwabcinsa ne, sai ya miƙa masa waya, ya faɗi lambobi huɗu da ƙarfi, alhali mutum biyar suna tsaye a bayansa. Idan ka yi masa magana sai ya ce: «Yaya zan ɓoye wa yaron da aka haifa a gabana?» Ya ɗan'uwa, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wato aya ta 282 a Suratul Baƙara, ta sauka ne a kan rubuta bashi da kafa shaidu, kuma waɗanda aka fara yi wa wannan umurni sahabbai ne, mafiya amana a cikin al'umma. Da rubutu da shaida zargi ne, da ba a umurce su da shi ba. Hikimarsa ita ce kare zumunci. Idan lambarka tana wurin mutum uku sai kuɗi suka ɓace, ukun nan duka sun shiga zato, biyu daga cikinsu kuwa ba su ci ba su sha ba. Wanda ya riƙe lambarsa shi kaɗai ya kare yaron shago daga tuhuma kafin ya kare kuɗinsa.

Haka nan wajen zaɓen lambar. Lambobi huɗu suna iya ba da haɗi 10,000 dabam-dabam, daga 0000 zuwa 9999, kuma asusu yana rufewa bayan an yi kuskure ƴan lokuta. Wannan tsaro ne mai ƙarfi ga wanda ya zaɓa da hankali. Amma da yawa suna sa 1234, ko 0000, ko shekarar haihuwa, ko lambobin ƙarshe na layinsu. Ga shi kuwa da yawa daga cikinmu takardun haihuwarmu suna ɗauke da ranar 1 ga watan Janairu, sai mutum ya sa 0101 yana ganin ya yi dabara. Wanda ya tsinci wayarka tare da katin shaidarka, waɗannan zai fara gwadawa. Mafi muni shi ne wanda ya rubuta lambar a takarda ya cusa a bayan rigar waya, tamkar wanda ya kulle ɗaki ya bar mabuɗi a jikin kwaɗo.

KASHI NA BIYU: MASU ƊAUKAR FASAHA TAMKAR LAYA

Waɗannan yawanci matasa ne da masu ilimin boko. Sun yarda da kayan tsaro, har yardar ta wuce iyaka. Suna ganin da zarar abu yana cikin waya, to yana aiki da kansa, mai wayar ba ya da sauran nauyi. Bari mu ɗauki misalai huɗu.

Na ɗaya, hoton ɗan kwaɗo da ake gani a saman shafin intanet. Mutane da yawa suna zaton ma'anarsa ita ce shafin na gaskiya ne, masu shi amintattu ne. Haƙiƙanin ma'anarsa kuwa ita ce hanyar da ke tsakanin wayarka da shafin a rufe take, wanda ke tsakani ba ya iya karanta abin da ka rubuta. Bai ce kome ba game da halin mai shafin. Ɗan damfara ma yana iya samun wannan alama kyauta. Misalinsa kamar wasiƙa ce da aka liƙe da kyau, aka ba amintaccen direba daga Gure zuwa Damagaram, amma adireshin da ke jikinta na ɓarawo ne. Wannan kuskuren fahimta ba namu ba ne mu kaɗai. Kamfanin Google ya bayyana cewa a wani bincike da ya yi a 2021, kashi 11 cikin 100 kaɗai na waɗanda aka tambaya suka san ainihin ma'anar alamar, har ya sauya ta a manhajarsa ta Chrome a 2023. Saboda haka idan aka turo maka shafi ana cewa wata ƙungiya tana raba tallafi ko kujerar Hajji ko kyautar intanet, ka shigar da lambarka, ganin kwaɗo a samansa ba hujja ba ne.

Na biyu, rubutun da WhatsApp ke nunawa cewa saƙonni a ɓoye suke daga baki zuwa baki. Wannan gaskiya ne, kuma tun watan Afrilu na 2016 aka game shi ga dukkan masu amfani da manhajar. Ma'anarsa ita ce saƙo yana fita daga wayarka a rikiɗe, ba ya komawa yadda ake karanta shi sai a wayar wanda ka aika wa. Amma idan ya isa, wanda ya karɓa yana iya ɗaukar hotonsa, ya tura wa mutum ɗari. Haka wanda ya ari wayarka minti biyu yana iya haɗa asusunka da wata na'ura tasa, ya riƙa karanta duk abin da ke shigo maka daga nesa. Sau nawa aka kawo mana rikicin aure ko na ciniki wanda asalinsa muryar da aka aika wa mutum ɗaya ce ta zagaya gari? Fasaha ta tsare hanya, ba ta tsare harshen mai karɓa ba.

Ku sani kuma wannan ilimi na ɓoye saƙo ba baƙo ba ne a wurin Musulmi. Malam Yaƙubu ɗan Ishaƙa Alkindi, wanda ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9 na Miladiyya, ya rubuta risala a kan warware rubutun da aka ɓoye, ya nuna yadda ake gano shi ta hanyar ƙirga yawan maimaituwar haruffa. Masana wannan fanni har yau suna lissafa aikinsa a cikin tushen iliminsu.

Na uku, manhajojin jabu. Yaranmu suna tura wa juna wani abu da suke kira GB WhatsApp da ire-irensa, saboda yana ɓoye cewa mutum ya karanta saƙo, ko yana nuna saƙon da aka goge. Suna kiran wannan tsaro. Alhali waɗannan ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, ba a san abin da aka cusa a cikinsu ba, kuma kamfanin da kansa ya yi gargaɗi a kansu, yana kuma rufe asusun masu amfani da su. Wanda ya sa irin wannan a wayar da yake ajiye kuɗi, ya ɗauki mai gadin da bai san asalinsa ba ya kwantar da shi a ɗakin ajiya.

Na huɗu, abin da ake kira VPN. Ya yaɗu ƙwarai a maƙwabciyarmu Nijeriya lokacin da aka rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Aikinsa shi ne ya bi da zirga-zirgarka ta wata na'ura da ke wata ƙasa. Ba ya hana damfara, ba ya kare lambar da ka faɗa da bakinka, kuma mai wannan na'ura shi ne yanzu yake ganin inda kake shiga. Idan kyauta ya ba ka, ka tambayi kanka da me yake cin abinci.

KASHI NA UKU: MASU GANIN WAHALA CE KO MAKIRCI

Waɗannan kuma sun gaji. Suna cewa lambobi sun yi yawa, kan mutum ba zai ɗauka ba. Wasu kuma tsoro suke yi, suna ganin duk abin da ya nemi yatsa ko katin shaida wata hanya ce ta leƙen asiri. Uzurinsu abin saurare ne, ba na raina shi. Dattijon da bai yi karatun boko ba, wayar tana yi masa magana da Faransanci, idonsa ya yi rauni, ba adalci ba ne a kira shi mai sakaci kai tsaye. Kuma gajiya da matakan tsaro halin ɗan Adam ne a ko'ina. A farkon 2018 wani injiniyan Google ya faɗa a bainar jama'a cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na masu asusu a kamfanin ne suka kunna tabbaci mai mataki biyu, alhali kyauta ne.

Mene ne tabbaci mai mataki biyu? Ku saurara da kyau, domin a nan ake sace WhatsApp na malamai da ƴan kasuwa. Duk wanda zai buɗe WhatsApp da lambar layinka a wata waya, kamfanin zai aiko da lambobi 6 ta saƙo zuwa layinka. Ɓarawo ba ya iya ganinsu, don haka sai ya kira ka, ya ce an sa ka a zauren wa'azi ko na tallafi, ko ya ce ya yi kuskuren aiko maka da wata lamba, ka taimaka ka karanto masa. Da ka karanta, asusunka ya koma hannunsa, sai ya shiga aika wa ƴan'uwanka da almajiranka saƙo da sunanka da hotonka, yana cewa kana cikin matsala, a aiko kuɗi. Tun 2017 WhatsApp ya samar da kwaɗo na biyu, wato wasu lambobi 6 da kai za ka zaɓa da kanka, waɗanda ba a aiko su ta saƙo. Wanda ya kunna wannan, ko an yaudare shi ya ba da lambar farko, ɓarawo zai tarar da wata ƙofa a rufe. Aikin bai kai minti biyu ba. Ina kira ga kowane limami da ladan da shugaban ƙungiya da ya yi shi a yau, domin sunan malami ya fi na kowa saurin fitar da kuɗi daga aljihun jama'a.

Game da yatsa kuwa, a rarrabe tsakanin abu biyu. Yatsan da kake buɗe wayarka da shi, wayar tana mayar da zanensa lissafi ta ajiye a wani killataccen sashe a cikinta, ba hotonsa take aikawa wani wuri ba. Rauninsa shi ne ana iya dangwala yatsan mai barci ko mara lafiya, kuma hannun da ya sha fartanya ko aikin kanwa yakan ƙi karantuwa, shi ya sa lambar sirri ba ta rasa amfani. Amma yatsa ko hoton katin shaida da wani zai ɗauka a na'urarsa, wannan yana fita daga hannunka, kuma kana da haƙƙin tambayar wane ne shi, wa ya aiko shi, me za a yi da shi. Ƙasarmu ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017, wadda ta samar da hukumar da ake kira HAPDP, sa'annan ta kafa dokar yaƙi da laifuffukan intanet a watan Yuli na 2019. Kada wani baƙo ya zo ƙauye da alƙawarin tallafi ya tattara katunan mata yana ɗaukar hoto ba tare da sanin mai gari da hukuma ba.

Sai maganar rajistar layi. Manya za su tuna cewa a ƙarshen 2013 an rufe layukan da ba a yi musu rajista ba a Nijar, kusan kashi ɗaya cikin uku na layukan ƙasar a lokacin. Har yau akwai masu sayen layin da aka yi wa rajista da sunan wani, ko su ba da katinsu a yi wa wani rajista don neman lada. Duka biyun haɗari ne. Idan layin da kuɗinka ke ciki ba da sunanka yake ba, ranar da waya ta ɓace ba ka da hujjar karɓo shi. Idan kuma wani ya aikata laifi da layin da ke ɗauke da sunanka, ƙofarka jandarma za su fara ƙwanƙwasawa.

TABBATARWA KAFIN AIKI

Idan muka duba kason nan uku, za mu ga cewa ɓarawon zamani ba kasafai yake fasa kwaɗo ba, domin fasa shi yana da wuya. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya sa mai gida ya miƙo mabuɗi da hannunsa. Makamansa uku ne: tsoro, da kwaɗayi, da gaggawa. Ko ya ce za a rufe maka asusu, ko ya ce ka ci kyauta, ko ya ce ɗanka ya yi hatsari a hanyar Difa. Kuma kullum yana cewa yanzu-yanzu, kada ka kashe waya, kada ka gaya wa kowa. Duk kiran da ya haɗa neman lamba da hana shawara, ka san na ɓarawo ne. Ma'aikacin gaskiya ba ya buƙatar lambarka ta sirri domin ya yi aikinsa.

Addininmu ya riga ya koya mana maganin wannan. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta yi umurni da bincika labari kafin a yi aiki da shi, don gudun nadama. Malaman hadisi sun gina ilimi guda a kan tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji. Kuma ya tabbata a cikin Buhari cewa lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin rubuta wa sarakuna wasiƙu, aka gaya masa ba su karɓar wasiƙa sai mai hatimi, sai ya sa aka yi masa zobe na azurfa yana buga hatimi da shi. Ashe neman tabbacin wanda ya aiko saƙo sunna ce ta masu hankali tun da.

A yau ko murya ba ta isa hujja ba. Akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa. A farkon 2024 ƴan sandan Hong Kong sun ba da labarin wani ma'aikacin kamfani da ya aika kimanin dalar Amurka miliyan 25 bayan wani taro ta bidiyo, wanda daga baya aka gano cewa shugabannin da ya gani a ciki duk na ƙirƙira ne. Idan haka ta faru da mai ilimi a babban kamfani, ina ga tsohuwar da ta ji murya mai kama da ta ɗanta daga Sabha? Maganin shi ne ka kashe wayar, ka kira mutumin da kanka a lambar da ka san shi da ita, ko ka tambaye shi abin da ɗan gida kaɗai ya sani. Jinkirin minti biyar bai taɓa kashe mai gaskiya ba.

WANI HAƘƘI DA AKE MANTAWA

Kamar yadda aka umurce ka da tsare sirrinka, haka aka hana ka keta na wani. Aya ta 12 a wannan sura ta Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane. Mai gyaran waya da ke buɗe hotunan matan mutane, da yaron shago da ke haddace lambar tsofaffi, da abokin da ya ari waya don kira ɗaya ya shiga karanta saƙonni, duk sun ci amana, ko da ba su ɗauki ko dala ba. Kulawar uba ga wayar ƙaramin yaronsa tarbiyya ce, a yi ta a fili da saninsa. Amma miji da mata su ji tsoron Allah game da leƙen wayar juna a ɓoye, domin gidajen da wannan ya rusa sun fi waɗanda ya gyara.

JAWABIN TAMBAYA

Mu koma ga mai ajiyar masallaci. Ƙa'idar da malamanmu suka kafa a babin ajiya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani da sharhohinta, ita ce wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai idan ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Shi kuwa sakaci ana auna shi da abin da mutane suka saba yi wajen tsare irin wannan dukiya.

Zuba kuɗin a asusun waya ba sakaci ba ne a kan kansa, idan jama'a sun sani ba su hana ba, domin ya zama hirzi a al'adar yau. Abin dubawa shi ne ba da lambar. Na tambayi mutumin ko an taɓa gaya masa cewa ba a ba da ita ga mai kira, ya rantse cewa bai taɓa ji ba, kuma jama'arsa sun shaida cewa shi ba mai karatu ba ne, su ne suka matsa masa ya karɓi ajiyar saboda gaskiyarsa. Abin da na ba su shawara shi ne sulhu: ya kawo abin da zai iya bisa son ransa, jama'a su cike sauran, kada a kira shi da sunan da bai cancanta ba, kuma a kai rahoto ga kamfani da hukuma. Na kuma gaya musu cewa su ma suna da nasu kaso na laifi, tunda sun ɗora wa mutum kaya ba su nuna masa yadda ake ɗaure shi ba.

Amma ku lura da kyau, ya ku ƴan'uwa. Uzurin rashin sani yana ƙarewa ranar da sani ya zo. Wanda aka karanta masa wannan darasi, ko ya ji gargaɗi a rediyo ko a masallaci, sa'annan ya ba da lambar asusun da dukiyar marayu ko ta masallaci ko ta ƙungiya take ciki, to abin da ya fi bayyana shi ne ya yi sakaci, kuma biya ya hau kansa. Allah ne mafi sani.

KAMMALAWA

Ina roƙon kowane mai karatu ya aikata waɗannan kafin Juma'a mai zuwa:

1. Ya sauya lambarsa ta sirri idan ta kasance shekarar haihuwa ko lambobi masu bin juna, ko idan wani ya san ta.
2. Ya kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp, ya duba jerin na'urorin da ke haɗe da asusunsa, ya cire wadda bai sani ba.
3. Ya tabbatar layinsa da sunansa yake.
4. Ya zauna da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya koya musu danna lambobi huɗu da hannunsu. Wanda ya iya ƙirga tasbihi da kuɗin kasuwa zai iya wannan. Idan ya gagara, a zaɓi mutum ɗaya tak daga cikin ƴaƴa, kowa ya san shi ne.
5. Kuɗin masallaci ko na ƙungiya kada su zauna a layin mutum na kansa. A ware musu layi, a rubuta shiga da fita a littafi, mutum biyu su riƙa dubawa.
6. Mai asusu ya rubuta a wasiyyarsa cewa yana da kuɗi a wuri kaza, domin haƙƙin magada ne, kada su salwanta da mutuwarsa.

Masu shagunan cire kuɗi kuma, ku juya wa abokin ciniki waya ya danna da kansa, ku kau da kai, ku hana na baya matsowa. Wannan zai ƙara muku kasuwa da mutunci. Limamai kuwa su ware minti biyu bayan salla su faɗa wa jama'a da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Tubanci cewa lambar sirri da lambar da ke shigowa ta saƙo ba a ba kowa su, ko wane ne ya kira.

Allah Ya tsare mana imaninmu da mutuncinmu da dukiyarmu, Ya shiryi masu cutar bayinsa, Ya mayar wa wanda aka zalunta da mafificin alheri. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa.